Littafin aiki: neman abin da ke danne sabar cibiyarmu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan littafi ne saboda na gaji da kashe saba ina kunnawa. Tun watan jiya, kusan kullum da hantsi ya dubi ludayi sai ta fara jan jiki, ɗalibai su danna shafi su zauna suna kallon allo. Maganin da na iya guda ne: in danne maɓallin wuta har ta mutu, in sake tada ta. Takan yi lafiya na awa ɗaya ko biyu, sai ta koma gidan jiya.

Abin da nake kira saba tsohuwar kwamfutar tebur ce, furosesa Core i3, RAM 4GB, faifan ajiya mai juyawa na 500GB, tana ɗauke da Debian 12, wani nau'in Linux. Kwamfutocin ɗalibai 12 ne ke jingine da ita. A kanta Kolibri yake, wanda muke darussa da gwaji da shi, da Kiwix mai ɗauke da Wikipedia ta Hausa da ta Turanci don a karanta ba tare da intanet ba. 'Yan ajin Python kuma ta SSH suke shiga, wato hanyar ba saba umarni daga wata kwamfutar. Wanda ya haɗa ta ya bar aiki tun bara, bai bar ko takarda ɗaya ba.

Alƙawarin da na ɗaukar wa kaina: ba zan sake taɓa maɓallin nan ba sai na ga abin da ke gudana a ciki.

Litinin, 13 ga Janairu

Na sa htop, shirin da ke nuna ayyukan da ke gudana a cikin na'ura. Da ma top yana nan, amma idona ya fi hutawa da launukan htop, wanda Hisham Muhammad ya fara rubutawa a 2004. Na wuni ina kallo kamar mai gadin kasuwa. Kowane aiki mai gudana, wato furosas, yana da lambarsa ta PID, kuma kowanne yana da uwar da ta haife shi. Idan na danna F5 sai su jeru reshe-reshe, duk su koma ga lamba 1, systemd, wanda shi kanel, wato zuciyar Linux, ke fara tayarwa.

Yau ba ta yi nauyi sosai ba, kamar ta san ana kallonta.

Talata, 14 ga Janairu

Ta yi. Ƙarfe 11:20 uptime ya nuna 11.4 da 9.8 da 6.2. Waɗannan su ne matsakaicin lodi na minti 1 da minti 5 da minti 15 da suka wuce. Umarnin nproc ya ce 4, don haka duk abin da ya haura 4 na nufin akwai masu jiran layi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne furosesa ba ta aikin komai. Sandunan htop duk a kwance. Lodi 11, amma ba wanda ke cin furosesa?

Na fara zargin RAM, domin free -h ya nuna 140MB kacal a ƙarƙashin free. Na kusa rubuta wa Alhaji mai cibiya takardar neman kuɗin RAM, sai na lura da layin ƙarshe, available, yana cewa 1.9GB. Linux ba ya barin RAM zaman banza, yakan cika ta da kwafin fayilolin da aka karanta kwanan nan, ya saki da zarar wani ya buƙata. Ashe layin da ya tsorata ni ba shi ne abin dubawa ba.

Ban gano komai ba. Na bar ta ta sauko da kanta wajen ƙarfe ɗaya, ɗalibai suna ta guna-guni.

Alhamis, 16 ga Janairu

Ɓarnar yau tawa ce, ba ta na'ura ba.

Wani yaro ya rubuta shirin Python mai zagaye ba iyaka, ya rufe tagarsa ya tafi salla. Na gan shi a saman htop yana cin 100%. Da na ɗauki lambarsa na kashe shi shi kaɗai, da an wuce wurin. Sai gaggawa ta sa na rubuta sudo pkill -9 -f python. Cikin daƙiƙa biyu ɗakin ya ɗauki murya ɗaya: "Malam, ya ɗauke!" Mutum tara ne ke tsakiyar gwaji a Kolibri.

Kolibri da Python aka rubuta shi. Harafin -f ɗin nan yana sa pkill ya duba dukan layin umarnin da aka tada aiki da shi, ba sunansa kawai ba, kuma a layin Kolibri akwai python3. Na harbi ɓera na sami akuya. Ga kuma -9, wato SIGKILL, wanda ba ya ma isa ga aikin, kanel ne ke fige shi nan take, ba damar rufe fayil ko ƙarasa rubutu. Kolibri a SQLite yake ajiye bayanansa, kuma Allah ya rufa asiri rumbun ya tashi lafiya da na yi systemctl restart kolibri. Amsoshin ƙarshe na mutum uku dai ba su shiga ba, sai da suka sake.

Abin da na rubuta a takarda na manna a jikin sabar: pgrep -af tukuna, in ga jerin waɗanda za a taɓa. Sannan kill ba tare da lamba ba, wanda ke aika SIGTERM, lamba 15, sallama ce da ke ba aiki damar tattara kayansa. Ko systemd ma haka yake yi idan zai tsayar da wani aiki: ya aika 15, ya jira daƙiƙa 90, sai wanda ya ƙi ji ne ke ganin 9. Ni ban jira ko daƙiƙa ɗaya ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Ba aji. Na sa sysstat na kunna shi da hannu, don a Debian a kashe yake zuwa. Zai riƙa ɗaukar bayani duk minti 10, in duba da sar daga baya. Na sa iotop da lm-sensors.

sensors ya nuna zafin furosesa ya kai digiri 84. Na buɗe akwatin, ƙurar hunturu ta yi wa fanka bargo. Na ari abin hura iska a shagon gyaran waya na kusa, na ba yaron naira 500. Zafi ya sauko 51. Na yi ta murna ina cewa an gama.

Talata, 21 ga Janairu

Ba a gama ba. Lodi 12.7 da ƙarfe 11:40.

Amma yau na kama zaren. A saman top akwai layin da ke kasa lokacin furosesa kashi-kashi, kuma wanda ake rubutawa wa yana 71. Wannan lokacin da furosesa ke zaune ne tana jiran faifai. Sai na rubuta ps -eo pid,ppid,stat,etime,cmd na bi layin stat da yatsa. Yawanci S ne, masu barci suna jiran a kira su. Ɗaya ko biyu R, masu gudu. Sai ga D, har guda tara, kuma kusan duka sunansu rsync, shirin kwafe fayiloli.

D barci ne da ba a katsewa. Aikin ya nemi wani abu daga faifai, yana cikin kanel yana jira, ba ya jin kira. Linux, tun 1993, yana lissafa irin waɗannan cikin lodi tare da masu neman furosesa. Shi ya sa lamba ke hawa alhali furosesa na hamma. Mako guda ina zargin wadda ba ta ci ba ta sha ba.

Layukan rsync 12 na ƙirga. Idan ana kwafi tsakanin faifai biyu a na'ura ɗaya, rsync kan raba kansa uku, ke nan kwafi huɗu ne ke tafiya lokaci guda. Layin etime ya tabbatar: ɗaya ya yi awa 3 da minti 40, na biye awa 2 da minti 40, haka har ƙasa. Na buɗe sudo crontab -l, jadawalin ayyukan da cron ke tadawa da kansa a kan lokaci, ga shi nan ɓaro-ɓaro: magabacina ya sa a riƙa kwafe komai zuwa faifan USB na waje a farkon kowace awa. Muna kunna saba kafin takwas. Na ƙarfe 8 bai gama ba na 9 ya hau kansa, na 10 ya hau, na 11 ya hau. Cron ba ya tambaya ko na baya ya gama. Faifan ciki kuwa kai ɗaya gare shi, ga mutum huɗu na jansa, ga Kolibri a bayan layi.

Na aika musu 15, shiru. Na jira minti biyu, na aika 9 da hujjata wannan karon. Uku suka tafi, sauran suka tsaya ƙyam a D. Siginar tana nan a rataye, ba za ta yi aiki ba sai faifai ya amsa. Sai bayan kusan minti huɗu suka zube ɗaya bayan ɗaya.

Na gyara layin cron: sau ɗaya a rana, ƙarfe 4:30 na yamma bayan an tashi, da flock -n a gaba don in na jiya bai saki makulli ba sabo ya haƙura, da nice -n 19 da ionice -c3 don ya zama na ƙarshe a layi.

Laraba, 22 ga Janairu

Lodi bai wuce 1.3 ba duk yini. Ba wanda ya ce na gode, wanda a wannan aiki shi ne alamar komai lafiya.

Wata tambaya dai ta hana ni sakewa. Wannan layin cron ya fi shekara yana nan. Me ya sa sai a Disamba kwafin da ke ƙarewa cikin mintuna ya koma cin awanni?

Asabar, 25 ga Janairu

sudo dmesg ya ba da amsa. Jajayen layuka na I/O error a kan sdb, wato faifan wajen, da saƙon sake tada na'urar USB, jere-jere. Na gwada wata wayar, ba canji. smartctl, mai duba lafiyar faifai, ya nuna Current_Pending_Sector 312, wato gurabe 312 da faifan ya kasa karantawa. Duk lokacin da rsync ya taka ɗaya daga cikinsu, sai faifan ya yi ta maimaitawa har lokaci ya ƙare, aikin kuma na D yana jira. Ashe faifan da muka dogara da shi don ranar tsiya shi ne ya fara mutuwa, kuma ba wanda ya sani.

Na je Beirut Road, kasuwar kayan kwamfuta, da yamma. Faifan waje na hannu, 500GB, naira 18,000. Na tafi da kwamfutata na gwada shi da smartctl a gaban mai shago kafin in biya. Ya ce, "Yallaɓai, ba ka yarda da ni ba ne?" Na ce da shi na yarda, da faifan ne ban saba ba. Na ƙara da RAM 4GB DDR3 a naira 7,000 tunda na zo. Kuɗin mota 1,200. Alhaji ya mayar mini da 25,000, ya ce na mota sadaka ce.

Kwafin farko ya ci minti 52. Na biyu minti 3.

Litinin, 27 ga Janairu

RAM ɗin ba ta tashi ba, na'ura sai ƙara take ba hoto. Na cire. Zan mayar ranar Asabar.

Alhamis, 30 ga Janairu

Kwana biyu ke nan Kiwix na mutuwa da rana. Tun da na sabunta fayil ɗin Wikipedia ta Hausa nake tada kiwix-serve da hannu ta SSH, in sa & a ƙarshe, in rufe murfin kwamfutata in shiga aji. Da layin ya yanke sai bash, shirin da ke karɓar umarnina, ya aika wa 'ya'yansa SIGHUP, lamba 1, sunan da ya samo asali tun zamanin da ake shiga kwamfuta ta layin tarho, a ajiye kan waya. Na sa nohup a gaba, ya daina mutuwa.

Sai na ƙara da wayo. Na rubuta ɗan shiri na bash mai suna maigadi.sh, ya riƙa duba ko Kiwix na raye, ya huta daƙiƙa 30, ya sake dubawa. Shi ma na tada shi da nohup na tafi gida ina jin kaina.

Juma'a, 31 ga Janairu

Ban kashe saba jiya ba saboda akwai wuta, kuma da safe na tarar fanka na kuka. A saman htop, maigadi.sh. Na rubuta slep a gurbin sleep. Mai gadin bai runtsa ba ko sau ɗaya, ya kwana yana zagaye yana rubuta command not found cikin nohup.out, fayil ɗin ya kai 3.1GB.

Na goge fayil ɗin da rm, na duba df -h, wurin bai dawo ba. Na sake dubawa, yana ma ƙara raguwa. Sai lsof +L1 ya nuna mini shi, an rubuta deleted a gefensa, kuma mai gadi na riƙe da shi yana ci gaba da zuba rubutu. Goge suna ba ya sakin wuri muddin akwai aikin da fayil ɗin ke buɗe a hannunsa. Da na kashe shirin, da 15, nan take 3.1GB ta dawo.

Na zauna bayan sallar Juma'a na yi abin da ya kamata tun farko: fayil ɗin kiwix.service a /etc/systemd/system, layi goma sha ɗaya, da Restart=on-failure da RestartSec=5. Na gwada da kill -9 da gangan, bayan daƙiƙa biyar ya dawo da sabuwar lamba. Abin da na kwana biyu ina ƙerawa, systemd na yinsa da layi biyu. Na san akwai masu ƙin systemd tun fitowarsa a 2010, suna cewa ya cika shiga sharo ba shanu. Wataƙila suna da gaskiyarsu, amma wanda ya taɓa rubuta slep ba shi da bakin shiga wannan gardama.

Asabar, 1 ga Fabrairu

An canza mini RAM ba gardama. Sai dai wannan ma ban sa ba, wuta ta tafi kafin in dawo, kuma ba na son buɗe akwati da fitilar waya.

Talata, 4 ga Fabrairu

Kolibri ya ɓace da ƙarfe 10:50, kuma wannan karon hannuna na aljihu. Na'urar ta daskare kusan minti uku, sai ta farfaɗo ba Kolibri. journalctl -k ya nuna layin: Out of memory: Killed process, da sunan kolibri a gaba.

Ga yadda aka yi. 'Yan ajin Python su 10 na ba su aikin buɗe wani babban fayil na CSV, kowa ya loda shi gaba ɗaya cikin RAM. Kowannensu ya ci wajen 400MB. RAM 4GB ta cika, swap ɗin kusan 1GB da Debian ta yanka a faifai don rage wa RAM kaya ya cika. Idan aka kai nan, kanel kan zaɓi aiki ɗaya ya yanka don saura su rayu, kuma yakan duba wanda ya fi kowa riƙe RAM ne. Yara goma kowa da ɗan rabonsa, Kolibri shi kaɗai da 600MB da ɗoriya. Masu laifi suka tsira saboda sun raba laifin, babba ya biya.

Makin da ake wannan hukunci da shi yana /proc, cikin jakar kowace lamba, a fayil mai suna oom_score, kuma ana iya karkata shi daga -1000 zuwa 1000. Na yi systemctl edit kolibri na sa OOMScoreAdjust=-500. Ban sa -1000 ba, don wannan na nufin kada a taɓa shi ko da shi ne ya haukace.

Na sa sabuwar RAM da yamma. free -h ya ce 7.7GB.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ƙarin RAM jinkiri kawai ya saya mini, don haka na yi wa kowa iyaka. A /etc/systemd/system/user-.slice.d na ajiye fayil mai MemoryMax=450M da TasksMax=100. Duk wanda ya shiga, ayyukansa gaba ɗaya ba za su wuce haka ba, in ya wuce nasa za a yanka, ba na maƙwabci ba. Iyakar yawan ayyuka kuwa saboda yaron da na ji yana ba abokinsa labarin wani gajeren layi na bash da ke haihuwar kansa har na'ura ta suƙe. Na san ranar gwajinsa na zuwa.

Na manta ni ma mai shiga ne. Ina cikin juya wani bidiyo da ffmpeg sai na ga Killed. Na buɗe wa nawa, user-1000.slice, jakarsa daban da fayil mai suna iri ɗaya, na sa MemoryMax=infinity. Liman ma sai da ya cire kansa daga dokar da ya kafa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Lafiya. sar -q ya nuna mafi yawan lodin mako 2.1.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na mayar da abin darasi. Na haska htop a bango, na tada ffmpeg, na nuna musu renice: daga -20 zuwa 19, babbar lamba ita ce mai kawaici, kuma kowa na iya ƙara wa aikinsa kawaici amma sai root, mai cikakken iko da na'ura, ke iya ragewa. Na aika kill -STOP, harafin ya koma T, sandar furosesa ta faɗi. Na aika kill -CONT ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wannan ya fi komai burge su, ni ma kuma shi zan riƙa yi wa juyin bidiyo idan aji ya shigo, maimakon in kashe in faro daga farko.

Ana cikin haka wani ya hango Z guda shida a ƙarƙashin sunansa, da defunct a gefe. Shirinsa na tada ƙananan ayyuka da subprocess.Popen, ba ya komawa ya karɓi sakamakonsu. Ya yi ta aika musu kill -9, suna nan. Kafin in buɗe baki wata ɗaliba daga baya ta ce, "Malam, ai waɗannan sun riga sun mutu, ta yaya zai sake kashe su?" Haka ne kuwa. Z gawa ce da ba a sallata ba: ba ta cin RAM, ba ta cin furosesa, gurbi kawai ta tare a jerin ayyuka har uwarta ta zo ta karɓi labarin mutuwarta. Muka duba ppid, wato lambar uwar, muka kashe ta, nan da nan systemd ya gaje su ya share. Ya ƙara wait a shirinsa, ba su sake fitowa ba.

Yarinyar nan zan ba ta izinin duba journalctl. Sudo, mai ba da ikon root, tukuna.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Yaron ya gwada layinsa. Ya kai ayyuka 100 ya tsaya cak, tagarsa ta cika da kukan fork, sauran ɗalibai ba su ma san an yi ba. Na fitar da shi da loginctl terminate-user, sannan na sa shi ya share ɗakin.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Kwana 47 rabona da danne maɓallin wuta. Abin da ke kashe ta yanzu ɗauke wuta ne kawai, sau huɗu a wannan makon, kuma kowanne daidai yake da -9 ga duk abin da ke ciki. Batirin UPS ɗinmu ba ya kai minti ɗaya.

Jimillar abin da aka kashe zuwa yau: naira 26,700, har da kuɗin motar da ba a biya ni ba.

Azumi na bakin ƙofa, za a koma tashi ƙarfe biyu, don haka na matsar da kwafin ajiya zuwa 1:30. Abin da ya rage: in tambayo kuɗin batirin UPS mai 12V 7Ah, in duba ko namu na da ramin USB da zai yi magana da NUT don saba ta riƙa rufe kanta cikin mutunci idan batiri ya yi ƙasa, in kunna smartd ya riƙa lura da faifan biyu. Faifan ciki ma na ga Reallocated_Sector_Ct ɗinsa 8 ne. Ranar 25 ga Janairu ma 8 ne. Zan sake dubawa ranar Asabar.